Kafin kifi ya shiga: yadda ake nunar da ruwan sabon tankin kifin ado

Abin da ya fi saurin kashe kifin ado a sabon tanki shi ne ƙazantar jikinsa. Mutum zai sayi tankin gilashi da safe, ya cika shi da ruwa garai-garai, da yamma ya zuba kifi goma masu launi, iyali su taru suna kallo. Kwana huɗu zuwa mako guda sai kifin su fara taruwa a saman ruwa suna haki, daga nan a riƙa tsintar gawa ɗaya bayan ɗaya. Sai a ɗora wa mai shago laifi, a ce marasa lafiya ya sayar. Sau da yawa lafiyarsu ƙalau, ruwan ne bai nuna ba.

Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba, ta kafofin numfashin da ke gefen kansa, kashinsa da ragowar abinci su ma idan suka ruɓe amoniya suke zama. A kogi ruwa mai yawa ne ke kwashe ta. Masu kiwon tarwada a tankin siminti kuwa zubar da ruwan suke yi su sake sabo a kai a kai. A tankin ado akwai masu wannan aiki da ido ba ya gani, wato wasu ƙwayoyin bakteriya iri biyu. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna cinye amoniya su mayar da ita naitirait, wadda za ka ga an rubuta NO2 a kayan gwaji. Ita ma guba ce, domin tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe alhali ruwan cike yake da iska. Na biyu su ne ke mayar da NO2 ta zama naitiret, wato NO3, wadda kifi ke iya jure wa muddin ba ta taru da yawa ba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya ware waɗannan ƙwayoyi tun a 1890. An daɗe ana ɗaukar cewa Nitrobacter ce ke aiki na biyu a tankin kifi, sai binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a 1998 ya nuna cewa Nitrospira ce.

Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, ga su da nawar hayayyafa. Su za ka fara kiwo kafin kifi, aikin kuma yakan ci mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas.

Kayan aiki da mazaunin tanki

Kada ƙanƙantar tanki ta ruɗe ka cewa zai fi sauƙi. Guba ta fi saurin taruwa a ruwa kaɗan, zafi da sanyi ma sun fi saurin juya shi. Kwalbar nan mai zagaye da ake sa kifi ɗaya a ciki, a ganina, ta fi dacewa da furanni. Sabon shiga ya fara da tankin da ya kai lita 50. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, ka raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, jarka biyu da ɗoriya. Kowace lita kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da gilashi da tsakuwa za ka doshi kilo 70, saboda haka a samu teburi mai ƙwari wanda ba ya karkata, a shimfiɗa siririyar katifar soso a ƙarƙashi. A nisanta shi da tagar da rana ke faɗowa, in ba haka ba gansakuka za ta rufe gilashin, ruwan kuma ya yi ta ɗaukar zafi.

Sai matata. Ƙwayoyin da muke nema ba a cikin ruwa suke yawo ba, mannewa suke a jikin soso da tsakuwa, inda ruwa mai iska ke wucewa ba dare ba rana. A inda ake yawan ɗauke wuta, matatar soso mai aiki da ɗan injin iska ta fi kowace. Injin bai cin wutar kirki, wat biyu zuwa biyar, akwai ma mai batir da wanda ake jona wa fawa-bank. Ban da haka soson yana nutse ne a cikin tankin, ko wuta ta tafi ba ya bushewa. Sauran kayan su ne ma'aunin zafi, siririn tiyo, 'yar raga ta kamun kifi, murfi, maganin kashe kilorin, da bokiti sabo wanda sabulu ko omo bai taɓa shiga ba. Ka rubuta masa suna ka gargaɗi mutanen gida.

Na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa saboda tsada, shi ne kayan gwajin ruwa. Na ɗigo ya fi na tsinken takarda gaskiya. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne API Freshwater Master Test Kit, yana auna amoniya da NO2 da NO3 da kuma pH, wato tsami ko kanwar ruwa. In kuɗi bai isa komai ba, gara ka rage kayan ƙawa ka sayi wannan. Amoniya ba ta da launi. Ruwan da zai kashe kifi da wanda zai raya shi duk ɗaya suke a ido.

Ruwan da za ka zuba

Ruwan famfo yana ɗauke da kilorin, aikinsa kashe ƙwayoyi ne, bai san na kirki da na banza ba. In kilorin ne zalla, ajiye ruwa a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu da iska tana kaɗa shi ya isa ya fitar da shi. Wasu hukumomin ruwa kuwa kiloramin suke sawa, wani dangin kilorin, shi ba ya tashi da ajiya. Mafita ita ce ɗigon maganin kashe kilorin, irin su Seachem Prime, a kowane bokiti kafin ya shiga tanki.

Ruwan burtsatse da na rijiya ba su da kilorin, amma suna da nasu halin. Iskarsu kaɗan ce lokacin da suka fito daga ƙasa, sai an bar su sun sha iska. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki kuma tana iya zuwa da NO3 ko amoniya tun daga tushe. Saboda haka gwajin farko a kan ruwan gidanka za ka yi shi, ka rubuta sakamakon. In daga 'yan garuwa kake saye, ka tsaya a kan majiya ɗaya.

Wanke tsakuwa ko yashi da ruwa zalla har sai ya daina fitar da ƙura. Dutsen da ka tsinto, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa farar ƙasa ce a jikinsa, zai ɗaga pH, a bar shi sai ga kifin da ke son irin wannan ruwa. Ka shimfiɗa tsakuwar, ka aza faranti a kai ka zuba ruwa ta kansa don kada ya tone ta, ka kunna matata. Daga yau ba a kashe ta.

Ciyar da tankin da babu kifi

Ƙwayoyin ba za su yaɗu ba sai da abinci, abincinsu kuwa amoniya. Hanya mafi tsabta ita ce kwalbar amoniyam kilorayid da ake sayarwa musamman don wannan aiki. Ka bi abin da aka rubuta a jiki, ka ɗiga har gwaji ya nuna miligiram 2 a kowace lita. Amoniyar goge-goge ma tana yi in zalla ce. Girgiza kwalbar, in ta yi kumfa ko tana ƙamshin turare akwai sabulu a ciki, kada ta kusanci tanki. In duk babu, sai a koma ga abincin kifi: ɗan tsunkule kullum, kamar kana ciyar da kifi uku. Zai ruɓe ya ba da amoniya, sai dai ya fi jinkiri, ya fi ƙazanta, kuma ba ka da iko a kan adadin.

Akwai gajeriyar hanya ta halal. Yadda mai kindirmo ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama, haka za ka roƙi wani mai tsohon tanki ya yanko maka ɓangaren sosonsa ko ya ɗebo maka tafi guda na tsakuwa. Ka ɗauko shi a jiƙe cikin leda, ka sa a matatarka a ranar. Wannan na iya rage jiran zuwa mako ɗaya ko biyu. Sharaɗin shi ne kifinsa su kasance masu lafiya, don cuta ma ta nan take biyowa. Tsohon ruwan tankinsa kawai ba zai yi maka wani amfani ba. Ana kuma sayar da ƙwayoyin a kwalba, kamar Tetra SafeStart, amma abu ne mai rai. Kwalbar da ta sha zafin sito wata da watanni ba lalle ta yi aiki ba.

Gwajin kansa yana son natsuwa. Ka cika 'yar kwalbar gwajin zuwa layin mililita 5. Na amoniya ɗigo takwas ne daga kwalba ta ɗaya, takwas daga ta biyu, ka rufe, ka girgiza, ka jira minti biyar. Ruwan ɗorawa na nufin babu, yana komawa kore gwargwadon yawanta. Na NO2 ɗigo biyar ne, shuɗi mai haske na nufin babu, in akwai sai ya rikiɗe ya koma shunayya. Na NO3 shi ne mai tarko: kwalbarsa ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, a sake girgiza kwalbar gwajin minti guda. Wanda ya yi ragwanci a nan zai ga sifili na ƙarya. Ka duba launin a hasken rana, a jikin farin katin, ka rubuta a littafi da kwanan wata.

Ga abin da za ka gani in kana gwadawa duk bayan kwana biyu. Makon farko kusan shiru ne, amoniya na nan inda ka bar ta. Ruwan na iya yin fari kamar an ɗiga madara. Wasu ƙwayoyi ne daban, zai washe da kansa. Wajen mako na biyu amoniya za ta fara sauka, NO2 ta bayyana. Idan amoniya ta sauka ƙasa da 0.5, ka ƙara ta koma 1 zuwa 2. Sai kuma dogon zango, inda NO2 ke hawa ta tsaya cak, kwalba ta yi ta ba ka shunayya kwana da kwanaki. Nan ne haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa. Dalilin hawan shi ne kowane miligiram na amoniya yana zama kusan 2.7 na NO2, ga masu cin ta sun fi na farko nawa. Kada ka yi ta antaya amoniya a wannan lokaci. In launin ya wuce ƙarshen kati, wato sama da 5, ka canza rabin ruwan. Wata rana za ka wayi gari ka ga shuɗi, domin faɗuwarta takan zo ne kusan lokaci guda.

In aiki ya cije, abu uku ake dubawa. Na ɗaya pH: aikin ƙwayoyin yana ƙara wa ruwa tsami, wato pH yana sauka, in ya faɗi zuwa 6 sai su kusan tsayawa, canza ruwa ko ɗan bakin cokali na bekin soda zai ɗago shi. Na biyu sanyi: sun fi sauri a digiri 26 zuwa 30, don haka tankin da aka haɗa cikin hunturu ba tare da hita ba zai ja lokaci. Na uku kilorin da ya shiga da mantuwa.

Tanki ya nuna ne ranar da ka sa amoniya ta kai 2, ka dawo bayan awa 24 ka tarar amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 kuma ta ƙaru. Ka maimaita washegari don tabbatarwa. Sannan ka canza ruwa mai yawa, rabi ko fiye, har NO3 ta sauko ƙasa da 20. In kifi ba za su zo a kwana ɗaya ko biyu ba, ka ci gaba da ɗiga amoniya kaɗan kada ƙwayoyin su zauna da yunwa.

Wane kifi, guda nawa

Tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce girman da kifin zai kai in ya manyanta. Oska da ake sayarwa kamar ɗan yatsa yana kai santimita 30. Fileko, mai manne wa gilashi da ake cewa yana share tanki, yana wuce 40, kashinsa kuma ya fi abin da yake sharewa. Jan kifin nan golfish yana kai santimita 20 zuwa sama, mai yawan ƙazanta ne, kuma ruwa mai sanyi yake so, bazarar Sakkwato ko Maiduguri azaba ce gare shi. 'Ya'yan tarwada kuwa, duk abin da ya shiga bakinsu abinci ne.

Ga tankin lita 54, ƙananan kifin nan gofi (guppy) da filati (platy) sun fi sauƙin sha'ani, suna jin daɗin digiri 24 zuwa 28, suna kuma son ruwa mai ɗan kanwa irin na burtsatse da yawa. Sai dai haihuwa suke yi ba ƙwai ba, macen gofi tana zuba 'ya'ya kusan duk wata. In ba ka shirya wa haka ba, ka sayi maza zalla. A gofi su ne ma masu launin. In za ka haɗa, namiji ɗaya ga mata biyu ko uku, don kada ya gallabi guda. Zebra daniyo da koridoras 'yan garke ne, ba a ajiye ƙasa da shida. Beta namiji ba ya zama da ɗan'uwansa namiji, faɗa za su yi har ɗaya ya halaka. Akwai kuma kiribensis, wanda asalinsa kogunan kudancin Najeriya da Kamaru ne, duniya kuma ta san shi. Kyakkyawa ne, amma namiji ɗaya da mace ɗaya suna bukatar wuri ya kai lita 80 da ɗan kogo, kuma in sun yi ƙwai ba sa raga wa maƙwabta.

Kada ka cika tankin rana ɗaya. Fara da ƙananan kifi biyar ko shida, ka gwada ruwa kullum na mako guda, in sifili ya ɗore ka ƙara wasu bayan mako biyu. Ƙananan kifi goma zuwa goma sha biyu sun ishi irin wannan tanki, kuma inda wuta ba ta da tabbas gara a tsaya ƙasa da haka.

A shago ka tsaya ka kalli tankin duka, ba kifin da ya burge ka kawai ba. In akwai gawa a ciki, ko wani mai fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko mai goga jiki a dutse, ko wanda ya tsuke fikafikansa ya raɓe a lungu, ka haƙura da duk na ciki.

Da ka iso gida, kashe fitilar tanki, ka ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Ka buɗe, ka naɗe bakin ledar, ka riƙa zuba rabin kofi na ruwan tanki duk minti biyar, sau uku ko huɗu. Sannan ka juye ledar a kan raga bisa bokiti, ka saki kifin kaɗai a tanki. Ruwan shago ba ya shiga. Kada ka ba su abinci sai washegari. Kifin da za su zo daga baya kuma, ya kamata su yi mako biyu zuwa huɗu a wani ƙaramin wuri daban, ko da robar ajiya ce mai tsabta da soso nata, kafin su haɗu da na gida.

In an riga an zuba kifin

Da yawa sai bayan sun sayi kifi suke jin wannan bayani. Ba a rasa mafita ba, wahala ce dai ta ƙaru. Kada ka ƙara ko ɗigon amoniya, kifin na samar da ita. Rage abinci zuwa sau ɗaya a kwana biyu. Gwada kullum, duk ranar da amoniya ko NO2 ta kai 0.5 ka canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan, ko da kullum ne. Canza ruwa ba ya kwashe ƙwayoyin tunda a soso suke. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a lita 40 yana rage shigar NO2 jinin kifi. Ka nemi tsohon soso ido rufe, kuma kada ka sayi sabon kifi don maye gurbin wanda ya mutu sai gwaji ya daidaita.

Bayan haka

Duk mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin tsakuwa don ɗebe dattin da ya kwanta, ka mayar da sabo mai zafi daidai da na ciki. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe ba canji ba ne, domin ruwa ne kawai ya tashi, NO3 tana nan. Soso kuwa, a ruwan da ka zuƙo daga tanki ake matse shi sau biyu ko uku a mayar. Wanke shi a famfo ko sauya shi gaba ɗaya yana mayar da kai ranar farko. Abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu. Yara su ne suka fi kashe kifi da ƙauna, a ɗora gwangwanin inda hannunsu ba ya kai.

Maganin sauro na fesawa da na kunnawa mugun guba ne ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. In dole ne a fesa a ɗakin, a rufe tanki ruf, a kashe injin iska na ɗan lokacin don kada ya zuƙo, a buɗe tagogi kafin a kunna. Hannun da ke da man shafawa ko turare ma a ɗauraye shi kafin ya shiga ruwa.

A watannin Maris zuwa Mayu ruwa na iya haura digiri 30, ruwan zafi kuma iskarsa ba ta kai ta mai sanyi ba, amoniya ma ta fi cutarwa a cikinsa. Ka ɗaga murfi ka sa raga a madadinsa, ka juya ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwa, za ta sauke digiri biyu ko uku. Kada ka jefa ƙanƙara kai tsaye. Cikin hunturu kuma dare ne abin tsoro. Hita mai wat 50 ta isa wannan tanki, in babu wuta a lulluɓe shi da bargo.

In wuta ta daɗe ba ta dawo ba kuma babu injin batir, ka daina ciyarwa, ka riƙa ɗiban ruwan tankin da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Mai rufaffiyar matata ta waje ya buɗe ta ya ciro sosunan ya sa a cikin tanki, domin cikin 'yan awanni iskar da ke ciki take ƙarewa. In ta kwana a rufe, a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna, sannan a koma gwajin kullum na tsawon mako guda.